Yadda ake noman kabewa a bayan gida, daga shuka har ajiya

Kabewa ba ta da wuyar fitowa. Duk wanda ya taɓa ganin ta tsiro da kanta a kan juji, ta yaɗu ta haye danga, ya san haka. Wuyar tana wajen samun ƙosasshiya mai jan ciki da garɗi, wadda za a cire da kaka a yi ta yanka ana miyan taushe har cikin rani ba ta ruɓe ba. Yawancin asarar da masu lambun gida ke yi a wuri biyu take faruwa: lokacin fure, sa'ad da ƙananan 'ya'ya ke yin rawaya suna zubewa, da lokacin girbi, sa'ad da ake cire ta ba ta gama ƙosawa ba. A nan ne wannan bayani zai fi daɗewa.

Iri da lokacin shuka

Asalin kabewa daga nahiyar Amurka ne, amma irin da ya daɗe a hannun manomanmu ya riga ya saba da zafi da ƙwarin ƙasar nan, kuma shi ya fi dacewa da mai farawa. Nemi kabewar da ka ci ka ji daɗinta, mai kaurin tsoka da jan ciki sosai, ka ɗebi 'ya'yanta. Zaɓi masu ciko, waɗanda in ka matsa da yatsa za ka ji su da tauri. Shafaffu marasa ciki ba sa tsirowa. Akwai kuma irin kanti mai dogon wuya kamar gora, launin ƙasa-ƙasa, wanda ɗaya ba ya wuce kilo 1 zuwa 2. Yana da zaƙi, yana saurin nuna, kuma ya dace da gidan da ba ya iya cinye babbar kabewa in an yanka. Sai dai in ka ga an rubuta F1 a jikin fakitin, kada ka ajiye 'ya'yansa don shukar baɗi, domin ba za su fito irin uwarsu ba.

In irin ya kwana biyu a ajiye, gwada shi tukuna. Naɗe ƙwaya 10 a jiƙaƙƙen tsumma, ka sa a inuwa, kana yayyafa ruwa kada ya bushe. Bayan kwana 7 ka buɗe. In 7 ko fiye sun tsaga, irin yana da rai. In ba su kai 5 ba, nemi wani.

Kabewar gida tana ɗaukar kwana 100 zuwa 120 daga shuka zuwa girbi, mai dogon wuyan nan kuma wajen kwana 90 zuwa 110. Da wannan lissafi ake zaɓen lokaci. A yankin Kano, Katsina, Zariya ko Maraɗi, shukar damina takan faɗa cikin Yuni zuwa farkon Yuli, bayan ruwa ya zauna, ba a ruwan farko da kan yaudari mutum ya ɗauke ba. Hakan zai sa ta nuna a ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, daidai lokacin da ruwa ke janyewa, wanda shi ne ake so. Mai rijiya ko famfo zai iya yin ta rani, ya shuka daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. Kada a jinkirta: sanyin Disamba da Janairu yana rage saurin tsiro, in kuma furen ya faɗa cikin zafin Maris da Afrilu, yawancinsa zubewa zai yi.

Wuri da rami

Tana son rana, aƙalla awa 6 a yini. A ƙarƙashin mangwaro ko darbejiya za ta yi ganye mai faɗi da dogon yaɗo, amma 'ya'ya kaɗan. Ba ta son inda ruwa ke kwanciya. Kwana biyu saiwarta na cikin ruwa sai ta fara ruɓewa. Kuma kada a sa ta inda aka yi kankana, gurji, duma ko agushi a shekara biyu da suka wuce, saboda dangi ɗaya ne, cuta ɗaya ke kama su, kuma cutar takan zauna a ƙasa tana jira.

Ba sai an gyara filin duka ba, rami ake gyarawa. Mako biyu kafin shuka, haƙa rami mai faɗin santimita 50 da zurfin santimita 40, wato kusan kamu ɗaya kowane gefe. Cakuɗa ƙasar saman da ka fara cirewa da bokiti ɗaya na ruɓaɓɓen kashin shanu ko na awaki, da toka cikin tafin hannu biyu, ka mayar cikin ramin. In kashin kaji ne, rabin bokiti ya isa, don ya fi zafi. Takin ya zama wanda ya riga ya ruɓe ya yi baƙi, ya daina wari da ɗumi. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma jawo gara.

Da damina ka tara ƙasar ta zama ɗan tudu mai tsayin santimita 15 zuwa 20, don ruwa ya gangare daga gindi. Da rani akasin haka ake yi: a bar wurin ya ɗan faɗa kamar kwano don ya riƙe ruwa.

Tsakanin rami da rami a bar mita 2, wato manyan taku biyu da ɗoriya. A ranar shuka wannan tazara takan yi kama da ɓarnar wuri, amma yaɗon kabewa ɗaya yana iya kai mita 5 ko fiye. In an cunkushe su, iska ba ta ratsawa, ganye ba ya bushewa bayan ruwa, cuta sai ta samu wurin zama. Rami uku da aka kula da su sun ishi gida guda. Wanda ba shi da fili zai iya shuka a gindin danga mai ƙarfi ko rumfa ya bar ta ta hau.

Shuka da makonnin farko

Jiƙa irin na awa 6 zuwa 8, ka tsane. Sa ƙwaya 3 ko 4 a kowane rami, a warwatse, zurfin santimita 2 zuwa 3, kimanin gaɓar yatsa ɗaya. In ka zurfafa, musamman a ƙasa mai laka, ƙwayar za ta ruɓe kafin ta huda. Cikin kwana 5 zuwa 8 za ka ga sun fito. Kai tsaye ake shuka ta a inda za ta zauna, domin ba ta jure dashe sosai.

Idan suka yi ganye na gaske 2 ko 3, ban da tagwayen farko, zaɓi biyu mafi ƙarfi ka bari. Sauran ka yanke su daga gindi da reza ko farce. Kada ka tumɓuke, don saiwoyinsu sun riga sun sarƙe da na waɗanda za ka bari.

Waɗannan makonni uku na farko su ne lokacin da shukar ta fi rauni. Kaji, awaki da ƙadangaru suna gamawa da ita a yini ɗaya, don haka a kewaye ta da ƙaya ko a kifa mata tsohon kwando mai huji da yawa. Akwai kuma wani ƙaramin ƙwaro ja mai ruwan lemo, bai kai ƙwayar wake ba, da ke huda ganye yana barin ramuka zagayayyu. Babbar shuka ba ta damuwa da shi, amma yana iya kashe ƙarama. Da sassafe ba ya da kuzarin tashi, sai a kakkaɓe shi cikin kwano mai ruwan sabulu, a kuma barbaɗa tankaɗaɗɗiyar toka a kan ganyen tun raɓa ba ta bushe ba.

Yi noman firi da wuri, sama-sama. Saiwar kabewa tana bazuwa kusa da fuskar ƙasa, fartanya in ta nutsa sai ta datse ta. Da zarar yaɗo ya rufe wurin, shi da kansa zai danne ciyawa.

Taki da ruwa

In ramin ya sha takin gargajiya sosai, abin da ya rage kaɗan ne. Mako biyu zuwa uku bayan fitowa, zuba takin zamani na NPK 15-15-15 cikin akwatin ashana ɗaya ga kowane rami. Ja da'ira nesa da gindi da kamar santimita 15, ka zuba a ciki, ka rufe da ƙasa, kuma ƙasar ta kasance da laima. Maimaita sau ɗaya idan yaɗo ya fara gudu, fure na shirin fitowa. A yi hankali da takin yuriya. Tana sa ganye ya yi kore shar ya burge mai kallo, amma tana jinkirta fure mace, kuma kabewar da ta sha yuriya da yawa takan yi ruwa-ruwa, ba ta daɗewa a ajiye. Kada kuma a haɗa toka da yuriya a lokaci ɗaya, tokar tana sa amfanin yuriyar ya tashi a iska.

Da damina sai an yi fashin ruwa na kusan mako guda ake ba ta. Da rani, bokiti mai lita 10 ga kowane rami duk bayan kwana 2 ko 3, a ƙasar jigawa kuma kusan kullum idan ta fara 'ya'ya. Zuba a gindi, da safe, ba a kan ganye ba. Ruwa mai yawa jefi-jefi ya fi yayyafi kullum, domin shi ke sa saiwa ta nutsa. Rufe kewayen gindin da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa, amma ka bar tazarar yatsu huɗu daga karan. Ganyen kabewa yakan yi laushi da tsakar rana ko da akwai laima a ƙasa, wannan ba komai ba ne. Wanda aka wayi gari aka gan shi a langaɓe, shi ne mai ƙishi, ko kuma wani abu ya taɓa saiwarsa.

Wata dabara mai amfani: duk bayan mita ɗaya, tara ƙasa a kan gaɓar yaɗon, inda ganye ya fito. Gaɓar za ta yi sabuwar saiwa. Shukar za ta samu ƙarin bakin shan ruwa, iska ba za ta juya ta ba, in ma gara ko ruɓa ta ci gindin farko, yaɗon zai ci gaba da rayuwa.

Fure, inda ake samu ko a rasa

Wajen kwana 35 zuwa 45 fure zai fara. Kabewa ɗaya tana yin fure iri biyu. Namiji yana kan siririn kara mai tsawo, a cikinsa akwai tsinke ɗaya mai rawayan gari. Mace tana da gajeren kara, kuma a ƙarƙashinta akwai ɗan ƙwallo, wanda shi ne zai zama kabewa. Mazan ne ke fara fitowa, wani lokaci har kwana 10 kafin a ga mace ko ɗaya, kuma su zubewa suke yi bayan yini guda. Mutane da yawa kan ɗauka shukar ta lalace a wannan lokaci, alhali haka tsarinta yake.

Kowane fure sau ɗaya yake buɗewa, da asuba, kafin azahar ya rufe, shi ke nan. A cikin waɗannan awoyi dole ƙudan zuma ya kwaso garin namiji ya kai cikin mace, kuma ba zuwa ɗaya ba, sai ya yi ta kai-komo. In garin bai isa ba, ƙwallon zai ɗan girma kamar ƙwai, ya yi rawaya, ya ruɓe daga baki, ya faɗi. In ya isa rabi-rabi, kabewar takan fito a karkace. A cikin gari inda zuma ta yi ƙaranci, ko ranar da aka tashi da ruwa tun asuba, kai ne za ka yi aikin zumar.

Tsakanin ƙarfe 6 da 9 na safe, tsinko fure namiji da ya buɗe a ranar. Yage rawayan ganyen furen ka bar tsinken tsirara. Taɓa shi da yatsa. In gari ya manne maka, ya yi. Sai ka shafa shi a hankali a kan dunƙulen da ke tsakiyar macen, ka bi kowane ɓangare nasa. Namiji ɗaya ga mace ɗaya ya fi tabbas, biyu ma in akwai. Bayan kwana 3 ko 4, in ƙwallon yana sheƙi yana ƙara girma, ya kama. Ɗaura ɗan zare ko ka rubuta kwanan wata, zai yi maka amfani ranar girbi.

Saboda zumar nan ne ba a fesa maganin ƙwari da safe, ba a kuma fesa shi a kan fure. In ya zama dole, da yamma liƙis ake yi, a kuma kiyaye kwanakin jira da aka rubuta a jikin kwalbar kafin a ci ganye ko ɗa.

In an yi duk wannan amma 'ya'ya na zubewa, duba jikinsu. Ɗan ɗigo mai fitar da ruwa kamar ƙaro alama ce ta ƙudan 'ya'yan itace, wanda ke soke fata mai taushi ya zuba ƙwai a ciki. In ka fasa za ka ga fararen tsutsotsi. Magani a kan ganye ba ya kai gare su. Abin da ke aiki shi ne rufewa: washegarin da fure ya rufe, sa wa ɗan jakar takarda ko guntun tsohon gidan sauro, ka ɗaure sako-sako a karan, ka bar shi kusan mako 3 har fatar ta yi tauri. Waɗanda suka riga suka kamu kada a jefar a gefen lambu, domin tsutsar za ta shiga ƙasa ta fito ƙuda. A ƙulle su a baƙar leda a bar su a rana kwana 5, ko a binne su a rami mai zurfin rabin mita.

Ga manyan iri, bar 'ya'ya 2 ko 3 a kowace shuka. Idan sun kai girman kan jariri, tsinke kan yaɗon bayan ganye 5 ko 6 daga ɗan ƙarshe, ka riƙa cire sababbin ƙwallaye, don ƙarfin ya koma kan waɗanda ka zaɓa. Kan yaɗon da ganye masu taushi da ka tsinke ba na yarwa ba ne, ana miya da su. Ɗora kowane ɗa a kan fasasshen kasko, katako ko busasshiyar ciyawa, musamman lokacin marka, saboda laima da gara. Wanda ke rataye a danga ko rumfa a yi masa majanyi da tsohon buhu ko zane, a ɗaure a jikin itace.

Cututtukan ganye

In ka ga fari-fari kamar an barbaɗa gari a kan tsofaffin ganye, yawanci wajen ƙarshen damina ko da rani, goga da yatsa. In ya goge, cutar farin gari ce. In bai goge ba kuma yana bin jijiyoyin ganyen, zanen halitta ne da yawancin kabewarmu ke da shi, a ƙyale shi. Ga cutar, cire ganyen da suka fi kamuwa ka fitar da su daga lambun, ka fesa madara kashi 1 cikin ruwa kashi 9 sau ɗaya a mako, sama da ƙasan ganye. Wannan yana rage yaɗuwa ne in an fara da wuri, ba ya warkar da ganyen da ya riga ya mutu.

A cikin marka kuma akan ga tabo rawaya mai kusurwa a saman ganye, ƙasansa da toka-toka. Laima ce ke kawo shi. Rage ganyen da suka cunkushe, kuma kada a shiga cikin lambun ana taɓa ganye suna jiƙe.

Ƙananan ƙwarin da ke taruwa a bayan ganye suna tsotsa, suna barin darɓa, su ne ke yaɗa cutar da ke sa ganye ya yi dabbare-dabbare ya ƙanƙance. Ita ba ta da magani. Shukar da ta kamu tun tana ƙarama a tumɓuke ta. Ƙwarin kuwa ana korar su da 'ya'yan darbejiya: daka busassu rabin kilo, jiƙa cikin ruwa lita 10 ya kwana, tace da tsumma, narka ɗan sabulu a ciki, ka fesa da yamma duk mako, ka fi mai da hankali ga bayan ganye. A ranar da aka tace ake amfani da shi.

Girbi

Kabewa takan kai cikakken girmanta tun saura makonni ta ƙosa, kuma nan ne ake yin kuskure. Girma ba nuna ba ne. Daga ranar da fure ya kama, a ba ta kwana 50 zuwa 60. Alamomin da za a haɗa su ne: fatar ta daina sheƙi ta dushe, in ka danna farce ba ya shiga, karan da ke riƙe da ita ya bushe ya yi tauri kamar itace, gefen da ke ƙasa ya koma rawaya, in ka ƙwanƙwasa ka ji amo kamar na ganga. Kada a dogara da alama ɗaya, gwajin farce da bushewar kara su ne suka fi gaskiya. Mai ban ruwa ya tsayar da ruwa kwana 10 kafin girbi.

Zaɓi ranar da babu ruwa. Yanke da wuƙa mai kaifi, ka bar karan mai tsawon yatsa, santimita 5 zuwa 8. Kada ka murɗe, kada ka ɗauke ta ta karan, kada ka jefa ta ko ka gangara ta a ƙasa. In karan ya ɓalle, wurin ya zama ƙofar ruɓa. Duk wadda ta rasa kara, ta ƙuje ko ta tsage, a ware ta a fara ci da ita.

Kafin a kai ɗaki sai ta sha iska kwana 10 zuwa 14. Goge ƙasar jikinta da busasshen tsumma, ba a wankewa. Jera su a rumfa inda iska ke kaɗawa, hantsi na taɓa su amma ranar tsaka ba ta dukan su, domin ranar Oktoba tana ƙona fata ta bar tabo mai laushi. Juya su duk bayan kwana 3. A wannan lokaci fatar ke ƙara tauri, ƙananan ƙujewa su warke, zaƙin kuma ya ƙaru. Shi ya sa kabewar da ta yi wata guda a ajiye ta fi sabuwar cirewa daɗi a miya.

Ajiya da irin baɗi

Nemi ɗakin da ya fi sanyi da bushewa a gidan. Ɗakin ƙasa ya fi mai rufin kwano nesa ba kusa ba. Ɗora su a kan katako, gadon kara ko busasshen yashi, ba a kan siminti tsirara ba, jeri ɗaya, kada su taɓa juna, karan yana sama. Kada a sa su a leda ko buhun roba, kada kuma a ajiye su kusa da ayaba ko tumatir masu nuna, don iskar da suke fitarwa tana tsufar da kabewa. Duba su duk mako, ka danna kewayen karan da gindin. Wadda ta fara laushi a fitar da ita a ranar. Ɓera ma yana son ta, a toshe ramukansa. Ƙosasshiya da aka bi da ita haka tana yin wata 3 zuwa 6, kuma sanyin hunturu yana taimakawa. Idan zafin bazara ya matso, abin da ya rage a fere, a yanka siri-siri, a shanya a kan tabarma mai tsabta har ya bushe ƙayau, a zuba a mazubi mai murfi.

In ka yanka kabewa ka ɗanɗana ka ji ɗaci mai tsanani, kada a ci, kada a ba dabba, kada kuma a ajiye irinta. Ɗacin guba ne mai sa amai da gudawa, kuma dafuwa ba ta kashe shi.

Irin baɗi daga kabewar da ta fi kyau ake ɗauka, wadda uwarta ba ta yi cuta ba, kuma ta yi aƙalla mako 3 a ajiye, domin 'ya'yan suna ci gaba da cika a cikinta. Kabewa ba ta barbara da duma, kankana ko gurji, amma tana yi da wata kabewar, don haka in ka shuka iri biyu kusa da juna, abin da zai fito baɗi zai iya zama gauraye. Wanke 'ya'yan ka cire zaren jikinsu, ka baza su a faifai a inuwa mako 1 zuwa 2. In ka lanƙwasa ƙwaya ta karye ƙas maimakon ta tanƙware, ta bushe. Zuba a kwalba mai murfi tare da cokali biyu na busasshiyar toka, rubuta shekarar a jiki, ka ajiye nesa da murhu da rana. A haka zai yi shekara 3 yana tsirowa.